Gwiwar Wata Mata

A keken marasa lafiya aka turo mini mahaifiyata daga cikin filin jirgin Alƙahira. Tana hango ni ta sa mai turawar ya tsaya, ta dafa hannun keken ta miƙe, don kada a ce na gan ta a zaune. Na durƙusa na gaishe ta a tsakiyar jama'a, Misirawa suna ratsa mu da akwatunansu suna kallon ikon Allah. Ta amsa tana duban wani wuri can bayan kafaɗata.

"Inna, yaya ƙafar?"

"Da sauƙi."

Ƙafar da ta sa aka yi mata fasfo, aka ɗora ta a jirgi karo na farko a rayuwarta, ita ce wai da sauƙi. Na ɗauki jakarta muka nufi tasi, tana tafe tana jan ƙafar dama, ni kuma ina yi kamar ban gani ba.

Ni ce 'yar farinta. Wanda ya tashi a inda na tashi ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Tun da aka yaye ni a wurin Goggo na girma, gida biyu tsakaninmu. In za ta yi mini magana sai ta ce "ke", in tana zancena da wasu sai ta ce "waccan ta Masar ɗin". Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma na san haka tun ina ƙarama, amma sanin bai hana ni jin kishin ƙannena ba in na ga sun kwanta a cinyarta suna tsokanarta. Ni har na yi aure ban san yadda tafin hannunta yake ba.

Ƙanwata ce ta gaya mini ainihin ciwon a waya, kafin a taho da ita. Ta ce, "Yaya, gwiwar ba ita ce damuwarta ba, sujada ce." Kusan shekara uku Inna tana salla a kan farar kujerar roba, goshinta bai taɓa ƙasa ba. Wai in ta idar sai ta daɗe tana kallon sallayar da ke gabanta, wani lokaci har ta share ido da bakin mayafi. Maigidana, wanda karatun fiƙihu ya kawo mu ƙasar nan, ya tsaya daga bakin ƙofa ya yi mata bayani cikin ladabi cewa sallar mai uzuri a zaune cikakkiya ce, ladanta bai ragu ba. Ta ce, "Haka ne, Malam." Ta san haka ne. Ita dai goshinta take so ya koma inda ya saba.

Abin da ya ɗaure lamarin shi ne, ni aikina kenan. Malamar yoga ce ni, ina koyar da mata a falon gidana a Giza. Inna ta san ina wani abu da ake kira haka, amma a wurinta birgima ce kawai ta mutanen da suka ƙoshi.

Ban zarge ta ba, don ni ma da wannan ido na fara kallon abin. Lokacin da muka zo Alƙahira, kuɗin tallafin karatun maigida ba ya kai mu ko'ina, sai na fara saro abayoyi da mayafai a kasuwar Ataba ina aikawa gida. Wanda ya san Ataba ya san ba wurin lalaci ba ne. Ka shiga lungu ka fita lungu, ka hau bene ka sauko, mai shago yana ce maka yalla, wato yi sauri, na bayanka yana ture ka. Kullum jakar kaya a kafaɗata ta dama take, yarinya kuma a goye. Haka nake kutsawa cikin metro, haka nake maƙalewa a ƙaramar bas ɗin da suke kira mikrobas. Bayan haihuwata ta biyu bayana ya ce bai san zancen ba. Na kai in zan ɗauki tukunya daga ƙasa sai na dafa bango na yi bismilla.

Wata Hajiya 'yar Nijar da muke haɗuwa wurin sari ita ta lura da tafiyata. Babbar mace ce mai dariya da ƙarfi, Hausarta haɗe da Faransanci da Larabci, in tana ciniki sai ka rasa da wane harshe take zagin farashin. Ta ce, "Ƙanwata, kina tafiya kamar kura ta ciji ƙugunki. Zo in kai ki inda aka gyara ni." Da ta ce yoga na ja baya. Na ji ana cewa akwai bauta a ciki. Na tambayi maigida, ya ce in je in gani da idona, in na ga ana rusuna wa wani abu ko ana rera abin da ban sani ba, in ɗauki takalmina in fito.

Wurin yana Wustul Balad, wato tsakiyar birni, a saman wani tsohon bene mai lifta irin ta ƙarfe wadda sai ka ja ƙofarta da hannu. Na shiga ina baza ido in ga gunki. Abin da na gani kujeru ne na ƙarfe, da barguna a ninke, da guntayen katako, da igiyoyi a jikin bango, kamar an kwashe kayan wani gida an rasa inda za a kai. Mata ne zalla, wasu ma da ɗankwalinsu. Malamar tsohuwa ce 'yar gajeriya, gashinta fari fat, muryarta kuwa ta fi ƙarfin jikinta. Ustaza muke ce mata. Ba ta rera komai, faɗa dai take yi.

Na zaci za a ce in naɗe ƙafa a wuya. Sai Ustaza ta ce in tsaya. Na tsaya. Ta zagaya ni tana girgiza kai, ta tsuguna ta kalli ƙafafuna, ta ce, "Wa ya koya miki tsayuwa?" Raina ya ɓaci. Mace da 'ya'ya biyu a ce ba ta iya tsayuwa ba! Ta kawo ni gaban madubi ta nuna mini. Duk nauyina a kan ƙafar hagu yake, ƙugun dama ya ɗage, kafaɗar dama ta haye kusa da kunne tana jiran jakar Ataba ko da babu jakar. Babban yatsan ƙafata ma bai taɓa ƙasa ba. Makonni na yi ina hawa wannan bene ba abin da ake koya mini sai yadda zan shimfiɗa tafin ƙafa, in raba nauyi tsakanin diddige da gindin yatsu, in sa gwiwa ta kalli inda yatsu suke kallo. Ina komawa gida ina mita, wai na biya kuɗin mota na je an koya mini abin da na iya tun ina wata goma.

Rigimarmu ta gaske da ita a kan ciwo aka yi ta. Duk abin da ta sa ni, in ta tambaye ni ko da zafi, sai in ce, "Tamam," wato lafiya lau. Mu haka aka rene mu. Mara lafiya ko yana gargara, in ka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce maka, kuma wanda ya ce babu sauƙi sai a ga kamar ya yi wa Allah butulci. Ran nan ta sa ni in miƙa hannu in dafa bango, ta tambaya, na ce tamam. Sai ta danna babban yatsanta a wani wuri a gadon bayana. Ihun da na yi har mai gadin bene ya ji.

"Wannan ne tamam?" in ji ta. "Ya binti, 'yata, ni ba bokanya ba ce. In ba ki gaya mini inda yake ciwo ba, zan gyara inda ba ya ciwo in ɓata miki shi. Nuna mini da yatsa ɗaya."

Na nuna. Daga ranar aikin ya fara ci. Bayana ya warware a hankali, ba dare ɗaya ba, har na wayi gari na ɗauki buhun shinkafa ban tuna da bango ba. Na ci gaba da zuwa shekara da shekaru, Ustaza ta fara sa ni ina riƙe mata sababbin zuwa, daga baya ta tura ni na yi karatun koyarwa na samu shaida. Da na buɗe nawa ajin, matan ɗalibai da 'yan kasuwa ne suka cika shi, Hajiyar Nijar a sahun gaba. Hanyar Ustaza na ɗauka. Ba ruwana da ko mace za ta iya taɓa yatsun ƙafarta. Abin da nake dubawa shi ne ina ƙashi ya zauna a kan ƙashi, ina nauyi ya sauka. Daga tafin ƙafa nake farawa, kuma dokata ɗaya ce a falon nan: ba a ce mini da sauƙi, da yatsa ake nuna mini.

To ga Inna ta zo, wadda ba zan iya kafa wa doka ba.

Likitan da muka gani ya duba hoton gwiwar ya ce ta zaizaye, amma ba ta kai a yi aiki ba tukuna. Ya ba da magani, ya ce abin da zai taimake ta shi ne a ƙarfafa naman cinya, a riƙa motsa gaɓar a hankali. Na gaya masa aikina, na tambaye shi ko durƙuso zai yiwu nan gaba. Ya ce in an bi a sannu, da abu mai taushi a ƙasa, bai ga abin da zai hana a gwada ba. Da na fassara wa Inna sai ta ce wa tagar mota, "Ni likita na zo gani, ban zo birgima ba."

Amma tana kallo. In mata sun taru da hantsi, sai ta ja kujerarta bakin ƙofar ɗaki da carbi a hannu, wai iska take sha. Ni ma ina kallonta ta gefen ido. Na ga yadda take zama, ba ta sauka a hankali, faɗawa take yi. Na ga in za ta tashi gwiwoyinta biyu suna karkatowa ciki kamar za su gaisa, tafin ƙafarta kuma ya baje waje. Shekarun da ta yi a kan kujera 'yar tsugunno tana murza ƙuli-ƙuli da matsar man gyaɗa duk suna nan a rubuce a ƙafafun. Hannuna har ƙaiƙayi yake in je in gyara, amma ina zan fara taɓa ta?

Hajiyar Nijar ce ta janyo ta, da tsokana. "Yaya, kin zauna kina ƙirga mana kuskure. Ni da na fi ki nauyi ina yi, ke mai jikin 'yan mata kina tsoro?" Inna ta ce ita ba tsoro take ji ba. Hajiya ta ce to a gani a ƙasa. Washegari bayan mata sun watse, na fito daga kicin na tarar da Inna tsaye a kan tabarmar roba, ta sha mur, tana kallon bango.

Murna ta sa na yi gaggawa. Na sa ta tashi da zama daga kujera, na sa ta ɗan lanƙwasa gwiwa tana dafe da bango. Kowane motsi in na ce, "Inna, da zafi?" sai ta ce, "Da sauƙi." Na san wannan amsar, ni na hana ta a ajina, amma daga bakin Inna sai na karɓa, don ba ni da fuskar da zan ce wa mahaifiyata ta nuna mini jikinta da yatsa. Ita kuma ba za ta buɗe baki ta yi wa 'yar fari raki ba ko za a yanka ta. Haka muka yi kwanaki, tana cije baki ina ƙara mata. Ran nan da safe ta kasa fitowa. Gwiwar ta kumbura ta yi suntum, da ƙyar ta kai banɗaki.

Ba ta ce mini ni na jawo ba. Da maigida ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa, sai ta ce, "Malam, a duba mini jirgi. Ina so azumi ya same ni a ɗakina." Azumi saura wata uku da 'yan kwanaki, amma na san in ta ce a duba jirgi, ta fid da rai ne. Za ta koma kan farar kujerarta, kuma ba za ta sake yarda wani ya ce mata ta gwada ba.

Na hau metro na tafi Wustul Balad wurin Ustaza, na zauna a kan bargunanta na yi kuka sosai. Ta saurare ni, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta ce in sa ƙanƙara in bar gwiwar ta huta. Amma zancen kunya ya ƙi shiga kanta. "Uwarki ce fa! Ki rungume ta ki ce, Mama, ina ne?" Na yi dariya cikin hawaye. Su a nan uwa da 'ya suna tafe a titi hannu cikin hannu suna faɗa suna sumbatar juna. Na ce mata in na rungumi Inna sai ta suma. Ustaza ta ɗaga hannu sama ta ce wannan kam ya fi ƙarfin iliminta, amma abu ɗaya ta sani, in babu wanda zai faɗi inda yake ciwo, kada in sake sa ta ko ɗaga yatsa.

Kumburin ya sauka bayan kwanaki. Ban sake tayar da zancen ba, ita ma haka. Wata rana da yamma na sayo ganyen mulukiya a kasuwa, na zube a tire na zauna tsinka. Inna ta leƙo ta ce, "Wannan ai lalo ne." Na ce shi ne, nan ma suna cin sa, har sun fi mu so. Ta ce ikon Allah, a hau jirgi a zo a tarar da lalo. Ta jawo tiren gabanta muka ci gaba tare, kowa kansa a ƙasa. Can sai ta ce, kamar mai ba da labarin unguwa:

"Akwai wata mata a garinmu, ita ma gwiwa ke damunta."

Saura kaɗan in ce wace ce, don duk matan garin na san su. Allah ya taimake ni na kama bakina. Na ce, "Allah sarki. Ita kuma yaya nata yake?"

"Wai in za ta tashi, ba gaban ne ke mata zafi ba. Ta ciki ne, nan gefen da yake kallon ɗaya ƙafar. Kamar ana soka mata tsinke."

Na ci gaba da tsinkar lalo. "In ta miƙe ƙafar tana kwance fa?"

"Wannan ba ya mata komai. Sai dai bayan gwiwar ya riƙa ja."

"Ja mai zafi, ko ja irin na miƙa?"

Inna ta tsinke ganye ta jefa a tire. "Irin na miƙa, in ji ta."

A wannan zama ɗaya na ji abin da ban ji ba tun zuwanta. Matar nan ba ta da kunya ko kaɗan. Ta faɗi inda yake suka, da inda yake ja, da lokacin da ya fi tsanani, har da cewa ranar da aka sa ta lanƙwasa gwiwa a jikin bango ta ji kamar ta ƙwala ihu, amma ta ga mai sa ta ɗin tana murna, shi ya sa ta yi shiru. Nan na sunkuyar da kai sosai, don kada Inna ta ga idona. Da muka gama na ce, "Inna, da za a samu mai gaya wa matar nan, da na ce ta gwada wani abu gobe. Ba tashi ba, ba durƙuso ba, a kwance kawai." Ta ce za a gaya mata.

Haka muka koma aiki mu uku, ni da Inna da matar garinmu. Ban taɓa Inna ba ko sau ɗaya. Abin da hannuna zai yi, kayan aiki na bar wa. In ina son gwiwoyinta su daina karkatowa ciki, sai in ɗaura mata ɗamara a cinya in ce matar ta tura ɗamarar waje. In ina son ta ji tafin ƙafarta, sai in sa mata guntun katako a tsakanin ƙafafun in ce matar ta danna gindin babban yatsa a ƙasa. Sauran kuma a jikina nake nunawa, ina tsaye a gefenta muna kallon bango ɗaya. Daga kwance muka fara, ƙafa a cikin ɗamara ana miƙa ta sama. Sai zama a kujera mai tsawo da bargo a kai, ana tashi a hankali gwiwa tana kallon yatsu. Sai aka rage bargon. Kullum in mun gama sai in ce, "Yau yaya matar ta ji?" Wani lokaci a ce ta ji daɗi. Wani lokaci a ce, "Ta ce mai sa ta aikin nan ba ta da tausayi." In na ji haka sai in rage.

Hajiyar Nijar ta taɓa shigowa ta tarar da mu a haka. Ta saurara, ta kalle ni, ta kalli Inna, ta ce, "Wace mata ce wannan da ba ta zuwa da kanta sai aike?" Inna ta ce, "Ba ki san ta ba." Hajiya ta riƙe dariyarta har ta kai bakin lifta, can muka ji ta sake ta.

Ba kullum ake ci gaba ba. Akwai makon da sanyi ya sauko, gwiwar ta ƙi, muka koma kwance kamar ba a taɓa yin komai ba. Ni na fi Inna karaya a wannan makon. Ita ce ma ta ce wai matar ta ce a daina ɓata fuska, ita ba ta gaji ba. Da sanyin ya yi sauƙi muka fara abin da nake tsoro, wato sauka ƙasa. Na tara barguna a gaban kujera, ta dafa mazaunin kujerar da hannu biyu, ta sauke gwiwar hagu, sannan ta dama. Na naɗe ɗan tawul na nuna mata yadda za ta cusa shi a bayan gwiwa don gaɓar ta samu sarari. Ranar farko goshinta a kan kujerar ya tsaya. Bayan kwanaki ya sauko kan matashi biyu, daga baya ɗaya. Kowane mataki sai matar ta ce babu suka kafin mu wuce. Tashi ya fi sauka wuya, shi muka fi daɗewa a kai: yatsun ƙafa a kafe, hannu a kujera, ƙafa mai ƙarfi a gaba.

Maigida ya samo jirgi, saura mako guda a fara azumi. A ajinmu goshin Inna ya kai kan bargo ninki ɗaya, amma a salla ba ta gwada ba, ni kuma ban ce ta gwada ba. Wannan ba hurumina ba ne. Na riga na gaya wa kaina cewa ko a haka ta tafi, an samu abin da aka samu, sai dai raina bai yarda da abin da nake gaya masa ba.

Ana jibi za ta tafi, da la'asar, na shimfiɗa sallayata a falo. Inna a ɗaki take sallarta kullum. Sai na ji ƙarar jan kujera. Ta fito da farar kujerar da muka saya mata, amma ba ta ajiye ta a bayanta ba, a gefen damanta ta ajiye. Ta shimfiɗa bargo, ta ɗora sallaya a kai, dab da tawa har gefensu ya haɗu. Ba ta kalle ni ba, ta ta da kabbara. Ni ma na tayar da tawa.

Allah ya yafe mini, rabin hankalina a wannan raka'a yana gefena. Na ji ta yi ruku'u, na ji ta ɗago. Sai na ji hannunta ya dafa kujera, kujerar ta ɗan yi ƙara. Gwiwa ɗaya ta sauka, shiru, sannan ɗayar. Ina cikin salla, ba halin in miƙa hannu, ba halin in ce a kula da yatsu. Na yi tawa sujadar, na ɗago, na sake yi, na miƙe, ita tana nan a ƙasa. Ta daɗe har tsoro ya kama ni ko ta kasa tashi ne. Sai na ji sautin numfashinta, na gane kuka take yi a hankali, goshinta a kan sallaya. Daga baya kujerar ta sake ƙara, ta taso ta zauna, ba daidai yadda ake zama ba, ƙafar dama a ɗan miƙe, amma ta zauna. Ban san yadda na ƙarasa sallar nan ba.

Na riga ta sallamewa, na zauna ina jira. Ta kai raka'a huɗu, kowace da sujadarta. Da ta sallame ta yi addu'a mai tsawo, ta shafa, ta zauna tana kallon gabanta. A tsakiyar goshinta akwai ɗan shatin zaren sallaya. Sai na koma ga abin da muka saba.

"Inna, yaya matar ta ji?"

Ta miƙo hannu ta kamo nawa. Tafin hannunta da kaushi, da ɗumi, ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ta ɗora hannuna a kan gwiwarta ta dama, ta danna yatsana a gefen ciki.

"Nan ne yake ɗan ja har yanzu, in zan tashi."

Na ce, "Matar?"

Ta ce, "Wace mata kuma? Ni nake gaya miki."